SHARHI: Dashe a Abuja, jinya a Lafiya: Wa ke sa ido kan cututtukan fumfuna bayan dashen ƙoda?

Tun daga shekarar 2000, lokacin da asibitin St. Nicholas da ke Legas ya yi dashen ƙoda na farko a Najeriya, aikin ya riƙa matsowa kusa da mutanen Arewa sannu a hankali. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya fara a 2002, na Jami'ar Maiduguri ya biyo baya a 2010, na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato kuma ya shiga sahu a 2025. A Abuja, asibitoci masu zaman kansu irin su Zenith sun mayar da dashen ƙoda aikin yau da kullum. A watan Maris na 2025 kuma, Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta ƙaddamar da ƙa'idojin dashen sassan jiki, domin ƙarfafa tanadin da Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta yi.

Wannan duk ci gaba ne abin yabawa. Sai dai duk wanda ya saurari yadda ake tattauna batun, a rediyo ko a wajen neman taimako ga mara lafiya, zai ga hankali ya tattara a kan abu biyu: wa zai ba da ƙodar, kuma ina za a samo miliyoyin da za a biya. Da zarar an fito daga ɗakin tiyata an sha barka, sai a ɗauka magana ta ƙare, alhali tsugune ba ta ƙare ba. Mutumin Lafiya ko Doma ko Obi da aka yi wa dashe a Abuja ko Kano ko Indiya zai yi 'yan makonni kusa da likitocinsa, sannan ya tattara ya dawo gida. A gidan ne, watanni ko shekaru bayan aikin, wasu cututtuka masu kisa ke ɓullo masa, cikinsu har da waɗanda ƙwayoyin fumfuna ke haddasawa. Idan haka ta faru a garin Lafiya, wa zai gane, kuma da wane kayan aiki?

Ladan sabuwar ƙoda

Jikin ɗan Adam ba ya karɓar baƙo. Duk abin da garkuwar jiki ta ga ba nata ba ne, za ta far masa, ko ƙwayar cuta ce ko ƙodar da ɗan'uwa ya bayar don ceton rai. Saboda haka wanda aka yi wa dashe zai riƙa shan magungunan da ke rage ƙarfin garkuwarsa muddin ƙodar tana jikinsa. Galibi haɗin guda uku ne: takrolimas, maikofenolet da firednisolon. Idan ya yi sakaci da su, jiki zai yaƙi ƙodar har ta mutu. Idan kuma sun yi masa yawa, ƙofa ta buɗe ga ƙwayoyin cutar da a da ba su isa su taɓa shi ba.

Magungunan suna da wani lahani na biyu da ba a cika faɗa wa iyalai ba, wato suna danne alamomin ciwo. Mai shan firednisolon zai iya ɗauke da cuta mai tsanani a huhu amma zazzaɓinsa kaɗan ne, ko ma babu. Takrolimas da firednisolon kuma sukan jawo ciwon suga ga wasu, shi kuwa ciwon suga wata ƙofar ce ta daban. Haka lamarin yake, har ma ya fi tsanani, ga waɗanda aka yi wa dashen ɓargo saboda cutar sikila, aikin da aka fara yi a Najeriya a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin a 2011.

Fumfunar da ke ratsa jiki

Bahaushe ya san fumfuna a jikin tuwon da ya kwana biyu, ko gyaɗar da ta sha danshi. Ya kuma san danginta da ke kama fata, irin su makero da ƙyasbi. Waɗannan duk a waje suke tsayawa. Abin da likitoci ke tsoro shi ne nau'in da ke ratsawa ya shiga jini ko huhu ko ƙwaƙwalwa.

Kandida tana zaune a baki da hanjin mutane da yawa ba tare da cutar da su ba, amma takan faɗa cikin jini ta hanyar robar da aka sa a jijiya, ko bayan an daɗe ana ba mutum magungunan kashe bakteriya. Asfajilas kuwa ƙananan irinta ne ke yawo a iska, kowa yana shaƙarsu kullum, sai dai a huhun mai raunin garkuwa sukan tsiro su ci jijiyoyin jini. Kiriftokokas tana samuwa a ƙasa da ruɓaɓɓen itace da busasshen kashin tantabaru, kuma ita ce ke jawo wani irin sanƙarau mai zuwa a hankali. Histofilazma tana son ƙasar da kashin jemage ko na tsuntsaye ya taru. Nimosistis tana toshe numfashi. Sai Mukor, wadda duniya ta ji sunanta a 2021 lokacin da ta kama mutum fiye da 40,000 a Indiya a tsakiyar annobar korona, mafi yawansu masu ciwon suga da aka ba su magungunan da ke danne garkuwa.

A watan Oktoba na 2022, Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jerin farko na ƙwayoyin fumfuna 19 da suka fi barazana ga ɗan Adam. Huɗu ta sa a matakin ƙoli: Kiriftokokas, Asfajilas, da nau'i biyu na Kandida. Ɗaya daga cikin biyun ita ce Kandida auris, wadda aka fara ganowa a Japan a 2009, mai bijire wa magunguna da maƙalewa a gadaje da kayan asibiti. A 2022 masu bincike suka wallafa rahoton samunta a Najeriya. Wani ƙiyasi da Farfesa David Denning na Jami'ar Manchester ya fitar a 2024 ya nuna kimanin mutum miliyan 6.5 ne ke kamuwa da munanan cututtukan fumfuna duk shekara a duniya, kuma kimanin miliyan 3.8 daga cikinsu ke mutuwa.

Lokacin da cutar ke zuwa

Ƙasar da ta fara bin diddigin wannan matsala a tsakanin masu dashe cikin tsari mai faɗi ita ce Amurka. Daga 2001 zuwa 2006, wani shiri mai suna TRANSNET ya tattara bayanai daga cibiyoyin dashen sassan jiki 15, inda aka samu kamuwa 1,208 a jikin mutum 1,063. Kandida ce ta ɗauki kashi 53 cikin 100, Asfajilas kashi 19, Kiriftokokas kashi 8. A cikin shekarar farko bayan aiki, kashi 8.6 cikin 100 na masu dashen huhu ne suka kamu, kashi 4.7 na masu dashen hanta, kashi 1.3 na masu dashen ƙoda.

Wani zai ce ai kashi 1.3 ba abin tayar da hankali ba ne. To amma alƙaluman da suka fi shafar mutumin Lafiya su ne na lokaci. Rabin waɗanda Kandida ta kama, sai bayan kwana 103 da yin dashe ta bayyana. Ga Asfajilas kwana 184 ne. Ga Kiriftokokas kuwa kwana 575, wato fiye da shekara ɗaya da rabi. A wannan lokaci mai dashe ya daɗe da komawa shagonsa ko ofishinsa, zuwa ganin likitan ƙoda ya ragu zuwa sau ɗaya a 'yan watanni, kuɗin da aka tara ta hanyar sayar da gona da gudummawar 'yan'uwa kuma sun ƙare. Wanda zai fara ganinsa da ciwon kai ko tari ba likitan da ya yi masa aiki ba ne. Mai kemis ɗin unguwa ne, ko ma'aikacin asibitin sha-ka-tafi, ko matashin likitan da ke aikin dare a sashen gaggawa.

Sannan waɗannan alƙaluma na ƙasar da ke da magungunan rigakafi da gwaje-gwaje a hannu ne, mai yanayi daban da namu. Ba za a ɗauko su a ɗora wa Nasarawa kai tsaye ba. Darasin da ke cikinsu shi ne sai da aka zauna aka ƙirga sannan aka san wace cuta ce ke zuwa, da lokacin da take zuwa.

Muhallin da ake dawowa

Nasarawa jihar noma ce, kuma Lafiya kasuwar amfanin gona ce: doya, shinkafa, riɗi, agushi, gyaɗa da masara. Inda ake tara hatsi a rumbu ko a sito, musamman idan bai gama bushewa ba, nan Asfajilas ke samun wurin zama. Mai zazzage buhunan masara, da mai aiki a injinan casar shinkafa cikin ƙurar buntu, da mai juya takin gargajiya, suna shaƙar irinta da yawa. Ga mai cikakkiyar garkuwa wannan ba komai ba ne, amma ga mai dashe kasada ce babba. Haka ƙurar gine-gine da rushe tsofaffin ɗakuna, da bujin hunturu.

Kiwon kaji da tantabaru a tsakar gida al'ada ce, kuma jemagu kan zauna a silin tsofaffin gine-gine. Histofilazma ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan. Akwai ma wani nau'inta da aka fi sani da Afirka, mai kama fata da ƙashi, wanda masu bincike suka gano maɓoyarsa a ƙasar wani kogon jemagu da ke Ogbunike a jihar Anambra. Takardar sallama da aka rubuta a wani asibiti na Delhi ko Chennai ba lallai ta yi la'akari da ɗakin tantabarun da ke bayan gida a Lafiya ba. Likitan gida ne ya san ya kamata ya yi wannan tambaya.

Gaba kura, baya sayaki

Babban tarkon shi ne kamannin da waɗannan cututtuka ke yi da waɗanda aka saba gani. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa a Afirka yawan masu tarin fuka. Don haka idan mutum ya zo da tari na makonni, da rama, da gumin dare, hoton ƙirji kuma ya nuna tabo, tunanin farko tarin fuka ne. Ko da gwajin GeneXpert bai nuna komai ba, akan fara magani bisa zato. Asfajilas da Histofilazma suna iya zuwa da waɗannan alamomi sak. Wani bincike da Farfesa Rita Oladele ta Jami'ar Legas da abokan aikinta suka wallafa a 2017 ya gano cewa kusan kashi 9 cikin 100 na waɗanda aka duba, daga cikin masu shan maganin tarin fuka ba tare da an ga ƙwayar ba ko waɗanda maganin bai yi musu aiki ba, cutar Asfajilas ce ta daɗe a huhunsu. Waɗannan ma ba masu dashe ba ne.

Ga mai dashe, kuskuren yana da kaifi biyu. Rifamfisin, wanda shi ne ginshiƙin maganin tarin fuka, yana sa hanta ta yi saurin narkar da takrolimas. Cikin kwanaki yawan maganin zai faɗi a jini, garkuwa ta farka ta far wa ƙodar. Ke nan ba a magance cutar da ke huhu ba, kuma an jefa ƙodar cikin haɗari.

Idan ma an gane fumfuna ce, ba a tsira ba tukuna. Fulukonazol da borikonazol suna yin akasin abin da rifamfisin ke yi: suna hana hanta narkar da takrolimas, sai ya taru ya zama guba ga ƙodar. Shi ya sa ƙa'ida ita ce a rage takrolimas zuwa kusan kashi ɗaya cikin uku idan za a fara borikonazol, a kuma riƙa auna shi a jini akai-akai. Fulukonazol kuwa ana sayensa a kemis ba tare da takardar likita ba, domin ƙaiƙayi ko farin baki. Amfoterisin B, wanda ake komawa gare shi idan cuta ta yi tsanani, shi kansa yana illata ƙoda. Nau'insa mai sauƙin illa kuma yana da tsada ƙwarai. Zaɓin ma kaɗan ne. A rahotonta na Afrilun 2025, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sababbin magungunan fumfuna huɗu kacal aka amince da su a Amurka da Tarayyar Turai da Sin cikin shekaru goma.

Abin da sa ido ke nufi

Sa ido mataki biyu ne. Akwai na mutum ɗaya, wato bin lafiyarsa da gwaji a kan kari. Akwai na jama'a, wato rubuta kowace kamuwa domin a san abin da ke yawo a yanki.

A mataki na farko, ba duka gwaje-gwajen ke buƙatar manyan na'urori ba. Gwajin Kiriftokokas ɗan tsinke ne kamar na zazzaɓin cizon sauro, da ake tsomawa a jini ko ruwan laka, sakamako ya fito cikin kimanin minti goma. Shirye-shiryen kula da masu cutar da ke karya garkuwar jiki sun riga sun san shi, domin ana yi wa waɗanda cutar ta yi nisa a jikinsu. Histofilazma ana iya gano ta da gwajin fitsari. Asfajilas tana da gwajin jini da ake kira galaktomanan, ko da yake ga masu dashen ƙoda ya fi inganci idan aka yi shi a kan ruwan da aka wanko daga huhu, tare da hoton CT na ƙirji. Renon jini a ɗakin gwaji kuwa, wanda aka fi dogara da shi, kusan rabin cututtukan Kandida masu ratsa jiki kaɗai yake kamawa, kuma yana cin kwanaki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa da yawa daga cikin waɗannan gwaje-gwaje a jerin waɗanda ta ce wajibi ne ƙasashe su tanada.

Akwai kuma rigakafi mai arha. Septrin, wanda kowa ya sani, yana hana Nimosistis idan aka sha shi kullum na aƙalla watanni uku zuwa shida bayan dashe, wasu cibiyoyin ma har shekara suke bayarwa. Yanke shi da wuri saboda mutum ya ji garau kuskure ne mai tsada.

Shin ya cancanci kuɗin jiha?

Tambaya ce ta gaskiya. Jihar da ke fama da zazzaɓin cizon sauro da na Lassa da mace-macen mata wajen haihuwa, me zai sa ta kashe kuɗi a kan 'yan tsirarun da suka iya biyan kuɗin dashe?

Amsar ita ce gwaje-gwajen ba nasu ne su kaɗai ba. Tsinken da zai gano Kiriftokokas a jikin mai dashe shi ne zai gano ta a jikin mai cutar da ke karya garkuwar jiki. Ɗakin gwajin da ya iya tantance Kandida zai amfani jariran da aka haifa bakwaini, da masu cutar daji, da waɗanda ke sashen kulawa ta musamman. Tun a 2014, ƙiyasin Oladele da Denning ya nuna kashi 11.8 cikin 100 na 'yan Najeriya na fama da wata babbar cutar fumfuna duk shekara. Bugu da ƙari, idan ƙodar da aka dasa ta mutu, mutum wankin ƙoda zai koma, sau biyu ko uku a mako. Ko da tallafin da Gwamnatin Tarayya ta sanar, wanda ya sauko da kuɗin wanki daga naira 50,000 zuwa 12,000 a wasu zaɓaɓɓun asibitocinta, wannan nauyi ne da ke durƙusar da gida. Ga kuma ɗan'uwan da ya sadaukar da ƙodarsa, wanda ba zai sake samunta ba.

Damar da ke hannun Lafiya

Garin Lafiya yana kan wata gaɓa da ta dace da wannan aiki. Asibitin Ƙwararru na Ɗalhatu Araf ya koma asibitin koyarwa na Jami'ar Tarayya ta Lafiya, wanda ke nufin za a riƙa horar da likitoci da masana gwaje-gwaje a nan. Gwamnatin jiha ta gina cibiyar bincike da gano cututtuka masu yaɗuwa a garin. Ga kuma Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Keffi a kan hanyar Abuja. Lokacin da ake tsara sassa da sayen kayan aiki shi ne lokacin da ya fi sauƙi a ware wa binciken fumfuna gurbi, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Abu na farko shi ne rajista. Ya kamata asibitin koyarwar ya san duk mai ɗauke da dashe da ke zaune a jihar, ko a ina aka yi masa, da magungunan da yake sha, da likitan da za a kira a cibiyar da ta yi aikin. Na biyu, kowane mai dashe ya riƙe kati a aljihu da ke gargaɗin kada a ba shi rifamfisin ko fulukonazol ko danginsu sai an tuntuɓi likitan ƙoda. Na uku, a kafa ƙa'ida a sashen gaggawa cewa mai dashe da ya zo da ciwon kai na kwanaki, ko tari, ko ruɗewa, ko ciwon fuska da toshewar hanci gefe ɗaya, ba za a sallame shi da maganin zazzaɓi kawai ba. Na huɗu, a buɗe wa masu dashe gwajin Kiriftokokas da ake tanada domin masu cutar da ke karya garkuwar jiki, a kuma tsara hanyar aika jini Abuja don auna takrolimas, sakamako ya dawo cikin kwana ɗaya ko biyu. Na biyar, Hukumar Inshorar Lafiya ta Jihar Nasarawa ta duba yadda za ta sa waɗannan gwaje-gwaje cikin abin da take biya.

Su ma hukumomin tarayya suna da nasu kaso. Bai kamata a auna nasarar cibiyar dashe da yawan waɗanda suka fito daga tiyata da rai kawai ba. A tilasta wa kowace cibiya ta ba da rahoton halin da majinyatanta ke ciki bayan shekara ɗaya da bayan biyu, har da cututtukan da suka kama su, a kuma miƙa bayanan ga Hukumar Daƙile Cututtuka ta Ƙasa.

Iyalai kuma akwai abin da ke hannunsu tun yau. Kada a bar mai dashe ya share ɗakin kaji ko na tantabaru, ko ya shiga rumbu, ko ya tsaya inda ake rushe gini. Idan fita cikin ƙura ta zama dole, ya sa takunkumi mai kyau. Kada ya sha maganin kemis ko na gargajiya ba da sanin likitansa ba. Ciwon kan da ya wuce kwana uku kuwa, a garzaya da shi babban asibiti, a kuma faɗa tun daga bakin ƙofa cewa wannan mutum yana ɗauke da dashe.

Ƙodar da aka dasa amana ce ta mutum biyu, mai bayarwa da mai karɓa. Likitocin Abuja da Kano sun nuna za su iya dasa ta. Riƙon amanar na shekarun da ke biyo baya ya rataya ne a wuyan asibitocin garuruwan da ake komawa, kuma Lafiya tana cikinsu.